Itaciyar da Babu Ita a Dajin Tirwun

Malam Mai Shawara,

Don Allah ɗana ka taimake ni, na ɗebo ruwan dafa kaina. Ni tsohuwa ce a Gwallaga, jikoki goma sha ɗaya. Karatuna bai wuce na ajin yaƙi da jahilci ba, in ka ga rubutu ya karkace ka yi haƙuri. Sana'ata tun ina budurwa zanen ƙwarya, a ruga na koya wurin kakata.

Akwai jikana, bari in ce masa Babayo, yana aiki a ofishin gandun daji. Maigida nake ce masa, shi kuma ya ce ai tun bara ya sake ni saboda ba haƙora. Haka muke.

Watan jiya ya shigo da wani tsohon littafin Baturensu, duk ya ɓaɓɓalle, cike da hotunan itatuwa. Ya ce ba da hannu aka zana su a takarda ba, a jikin farantin ƙarfe aka kankare, aka shafa tawada aka buga, tun kafin a haifi ubana. Yana so ya koyi kwaikwayonsu da alƙalami, wai yanzu da ake maganar mulkin kai za a nemi 'yan ƙasa masu hannu. Na leƙa na ga ganyen da ya zana kamar tabarmar da akuya ta ci. Na ce masa wannan hannu sai faskare. Ya ce in na isa in yi.

To, ka san tsohuwa da cika baki. Da ya tafi masallacin Juma'a na zauna na ƙura wa littafin ido, sai na ga ashe aikin ƙwarya ne: layi siriri kusa da layi siriri, inda ake son inuwa a gitta wasu a kai, inda haske ya faɗa a bar wurin fari, sai ɗigo-ɗigo a jikin 'ya'ya. Na ɗauki alƙalaminsa da tawada. Da yake tsokana na nufa, sai na haɗa itaciyar da Allah bai halitta ba: ganyen kalgo, furen tumfafiya, ƙayar aduwa, 'ya'yan gauta. A baya na ɗan saka duwatsun nan na hanyar Tirwun don kyau. Na kanga takardar a hayaƙin murhu har ta yi ja. Na lura kowane hoto yana da shati a lotse kewaye da shi, shi ma na danna da murfin gwangwanin biskit. Na cusa ta cikin littafin, ina jira maigidan nawa ya gani in yi masa dariya.

Bai ko buɗe ba, Malam! Kashegari ya mayar da littafin ofis.

Baturen ne ya gani. Ya gane duwatsun, ya ce lalle wani matafiyi na da ya ga itaciyar a ƙasar Bauchi, ba a rubuta sunanta ba. Ya ce wa Babayo in ya samo ta zai sa sunansa cikin masu zuwa kos ɗin ƙaro ilimi a Ibadan. Asabar uku ke nan yaron nan yana taka keke zuwa dajin Tirwun, ya dawo ƙafa duk ƙaya, ko tuwo ba ya iya ci. Ya nuna wa wani makiyayi, Jalo, kwafen da ya yi, dattijon ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Ni kuwa ina zaune ina cewa sannu, Allah ya sa a dace. Ko tsokanar na daina, har ya tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Abin da ya ɗaure ni shi ne, ba da izini ya fito da littafin ba. In na yi magana na tona shi, watakila a ce da shi aka haɗa baki, a kore shi. In na yi shiru, yanzu Baturen na cewa zai aika takardar ƙasarsu a duba. Yaya zan yi, ɗana? Kada in zama ni na zubar wa yaron nan da tuwonsa.

Taka,
Tsohuwa mai zanen ƙwarya

Amsa

Iya, sannu da ƙoƙari. Na yi dariya, sa'an nan na tsorata tare da ke.

Wasan kaka da jika ba laifi ba ne, kuma ba ki nufi kowa da cuta ba. Amma wasa na tsakar gida ne, naki ya fita har ya shiga ofis. Laifinki ba a zanen yake ba, yana cikin Asabar ukun da kika bari ya tafi daji kina sane. Babayo ma yana da nasa, don kayan ofis ba a fita da su sai an tambaya.

Shiru ba zai fisshe ku ba. Masu duba irin waɗannan takardu suna da gilashin ƙara girma. Tawadar bugu tana tsayawa a kan takarda, ta alƙalami kuwa tana shiga ciki, ga kuma ƙaurin murhunki. Ran da amsa ta dawo, Baturen ya riga ya ji kunya a gaban manyansa, kuma kan Babayo zai huce. Yanzu kuskure ne, a lokacin zai zama zamba.

Saboda haka ki kira shi yau, kafin wata Asabar. Ki faɗa masa ba da dariya ba, ki ba shi haƙuri. In ya yi fushi ki ƙyale shi, ƙafarsa ce ta sha ƙaya. Sa'an nan shi da bakinsa ya fara gaya wa Baturen ya ɗauki littafi ba izini, da dalilinsa. Ke kuma ki bi shi da ƙwaryarki mafi kyau da reshen kalgo ɗanye, ki roƙi alƙalami ki zana a gabansa, don ya tabbata hannunki ne, ba na yaron ba. Ba zan yi miki alkawarin kos ɗin Ibadan ba, yana iya kuɓucewa bana. Amma wanda ya kai kansa ba kasafai ake korarsa ba.

Kada ki ajiye alƙalami. Kwaikwayon aikin mutanen da hanya ce ta koyo, muddin ba a ce nasu ne ba. Ki zana itatuwan da ke akwai, ki rubuta sunansu da naki da shekara a ƙasa, ki bar murhu da aikin tuwo. Ki kuma zaunar da mai hannun faskaren ki koya masa jan layi, shi ne biyan ƙayar da ya taka.

Allah ya rufa asiri, ya sanyaya zuciyar Baturen, ya sa maigidan naki ya mai da ke ɗakinki.