Ku Rubuta Lokacina Gefen Sunana

Zuwa ga Shugaba da Kwamitin Shirya Gasar Ninkaya da Keke da Gudu ta ƙarshen bazara, wadda aka yi a tafkin arewacin Laurel.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kun huta gajiyar taro, sunana Hamisu, mutumin Yauri, mazaunin Silver Spring, mai lamba 214 a gasarku. Makarantar allo kaɗai na yi, bokon nan ma a waya na tsince shi, don haka da Hausa na rubuta. Ku nemi mai fassara, kamar yadda ni ma nake nema duk ranar da kuka turo mini saƙo.

Kukana ɗaya ne. A jerin sakamakon da kuka fitar, kowa akwai lokacinsa gefen sunansa, har da dattijuwar da ta iso ana naɗe tutoci. Ni kuwa haruffa biyu kuka ajiye mini, waɗanda aka ce ma'anarsu an kore ni. Ga yadda abin ya faru.

Na ɗaya. Ku san wanda kuke hukuntawa. Ninkaya a kogin garinmu na koya, keke kuwa shi ne sana'ata, da shi nake kai wa mutane abinci gidajensu. Gudu ne kawai na koya don ku. Wata bakwai ina fita bayan sallar asuba ni kaɗai, in faɗa kwamin ninkaya na unguwa tare da tsofaffin Turawa da ba mu taɓa wuce ɗaga wa juna hannu ba, in fito in zagaya filin makaranta har rana ta ɗaga. Ba ni da koci, ba ni da ƙungiya. Na nemi Nasiru, abokin zamana a ɗaki, ya riƙa raka ni, ya ce shi ba ya gudu sai in an biyo shi.

Na biyu. Ba zan ɓoye muku halina ba, don da shi maganar take tafiya. Ni mutum ne mai tsokana. Bara na sanar da mutanenmu cewa za a ɗaura mini aure a wani lambu a Wheaton. Mutum goma sha biyu suka zo cikin manyan riguna, har da wani likita da ya musanya ranar aikinsa, suka tarar da ni zaune a benci ina cin gyaɗa. Na yi dariya har da hawaye. Su ba su yi ba. Saboda haka da na tsaya a ƙofar masallaci ranar Juma'a na ce jibi ina da gasa, kowa ya zo ya tafa mini, sai Nasiru ya ce, "Amaryar ce za ta tuƙa keken, ko kai?" Aka kwashe da dariya, aka watse. Ban ga laifinsu ba.

Na uku. Ranar gasa na ga abin da ban saba gani ba. Kowane ɗan gasa da mutanensa, wasu da kwalaye an rubuta sunansa, wasu da ƙararrawa, har karnuka an ɗaura musu kyalle. Ni na rataye kekena, na jera takalmana a kan tawul, na rasa wanda zai ja mini zif ɗin rigar ruwa ta baya, sai da na roƙi wani da ban sani ba. Na yi ninkayar kilomita ɗaya da rabi, na yi arba'in a keke, na shiga gudun goma. Wajen kilomita na bakwai ƙafafuna suka fara yi mini gardama. A nan na ji an kira ni da Hausa, "Hamisu! Kai, ɗan banza, ashe da gaske kake!"

Baba Idi ne, dattijo mutumin Kumasi, mai gadi a wani sito a Laurel. Yana cikin sha biyun da na tara a lambu. Bas biyu ya hau kafin ya iso, riƙe da gorar lamurje mai citta da ya haɗa da hannunsa, ya naɗe ta da tsumma kada ta huce. Ya miƙo mini ta saman igiyar da kuka kange 'yan kallo da ita.

Na huɗu. Nan ne laifin, kuma ban musa ba. Ranku ya daɗe, na ga yadda wasu suke yi, matar mutum ta miƙo masa abu ya fizge yana tafe, ba wanda ya lura. Mu ba a fizgar abu a hannun babba. Na tsaya cak, na rusuna, na gaishe shi, na tambayi gajiyar hanya, na karɓa da hannu biyu. Kuma tun ina ƙarami ba a bar ni na sha abu a tsaye ba, sai na tsuguna a tsakiyar titinku na yi bisimilla na sha, masu gudu suna kauce mini hagu da dama. Ko makaho ne alƙalin sai ya gan ni. Alƙaliyarku ta zo ta duba lambata, ta ɗaga kati, ta yi magana da sauri. Na ɗauka gargaɗi ne, na ce mata na gode, na ci gaba. Baba ya koma bakin aikinsa, bai ga ƙarshe ba. Na tsallake layin, aka rataya mini lambar ƙarfe, na ɗauki kaina hoto, na tura kekena zuwa tashar jirgin ƙasa.

Na biyar. Daga baya aka bayyana mini cewa dokarku ta hana karɓar taimako daga wanda ba ma'aikacin gasa ba, kuma tana cikin takardun da kuka turo. Na yarda tana ciki. Na sa waya ta karanta mini su, na gane wajen hular kwano da wajen kada a manne wa keken gaba, sauran suka wuce ni. Amma ku auna da kanku: tsayawar nan ta ci mini kusan minti biyu. Wane irin maguɗi ne mai shi yake tsugunawa ana wuce shi?

Na shida. Ga abin da haruffanku biyu suka jawo. Nasiru ya buɗe shafinku a gaban jama'a, bai ga lokaci ba. Yanzu labarin da yake yawo shi ne na yi rajista, na ɓuya a daji, na fito daidai inda Baba yake na yi masa wasan kwaikwayo. Lambar ƙarfen ma sun ce a intanet na saya. Abu ɗaya na taɓa yi da gaske tun zuwana ƙasar nan, shi ne aka fi ƙaryatawa. Kuma na kasa kare kaina, don in na faɗi dalili sai na ambaci gorar Baba. Mako uku yana tare ni bayan Juma'a yana cewa, "Yaro, sun sa sunanka?" ina ce masa ba su gama lissafi ba. Na gaji da yi masa ƙarya, shi ya sa na rubuta wannan wasiƙa a fili, kowa ya gani. Baba, na san za a karanta maka. Ba laifinka ba ne. Cittar dai ta yi yawa.

Buƙatuna ba su da nauyi. Ban ce ku janye hukunci ba, ban kuma ce ku tsawata wa alƙaliyar ba, aikinta ta yi. Na'urar da kuka ɗaura mini a idon sawu ta ƙirga fitowata daga ruwa da saukata daga keke da tsallake layina. Ku fito da lokacin ku rubuta shi gefen sunana, ku ja masa jan layi in kuna so. Sannan kafin a shiga ruwa, ku sa wani ya faɗi wannan doka da baki, a hankali, don irina.

In duk wannan ya gagara, to ku aiko mini da takarda mai hatiminku, ku rubuta cewa mai lamba 214 ya yi ninkaya, ya yi keke, ya yi gudu har ƙarshe, kun kuma kore shi saboda ya tsuguna ya sha abu daga hannun wani dattijo. Zan manna ta a allon sanarwar masallaci da hannuna. Ko takardar kora ce ta ishe ni, in dai ta nuna na zo.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare 'yan gasarku a ruwa da kan titi, ya sa kowannensu ya tarar da mai jiransa a bakin layi.

Wassalam.

Hamisu ɗan Yauri,
Silver Spring.