Ruwan Famfon Gidan Rahmin

Mazol 'yata,

Yaya Samarkand, yaya ƙafar babanki? Mu a New York lafiya, sai jaririn Gavriel da ke tari.

Yayyenki Gavriel da Rahmin sun daina cin abinci tare. Malamin Gavriel ya ce ruwan famfo na ɗauke da ƙananan halittu dangin jatan lande, haram ne ga Bayahude sai an tace. Rahmin ya ce wa Gavriel, "Sannu waliyyi, abin da ido ba ya gani Attaura ba ta hana ba." Gavriel ya ture shayinsa ya fita.

Ina gidan Rahmin. Ina shan ruwan da ba a tace ba. Kowannensu yana so in ci abincin babban idinmu, Idin Ƙetarewa, a teburinsa.

Tambayi babanki inda zan zauna. Ki amsa kafin Idi, in ba haka ba ni kaɗai zan ci a ɗakina.

Mahaifiyarki,
Burho