Ni Na Jefi Terrell, Dwight Aka Kama

Uwargida Odessa, ki taimake ni, yau kwana tara ke nan ina ɓoye wani laifi.

Ni bakanike ne, shekaruna sittin da uku. Shekara ashirin da shida a jere ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar garinmu ba ta taɓa rasa gurbi a babbar gasar watan Maris ba. Duk shekarun nan ni da abokina Dwight Hostetler kujerunmu na manne da juna a zauren wasa. Ko ranar da aka binne matata, da yamma sai da ya ja ni zuwa zauren.

Ranar Asabar da rana aka yi wasan ƙarshe, sai mun ci za mu shiga gasar. Saura daƙiƙa biyu, an fi mu da maki ɗaya, aka ba ɗan wasanmu Terrell Boykin jifa biyu na kyauta. Ya zubar da duka biyun. Zaure ya hargitse, ana naushi, ana jifa da kujeru, na ga wani ya shaƙe wani har idanunsa suka firfito. Flas ɗin kofi na ƙarfe ne a hannuna. Na yi ashar na wurga wa Terrell. Har yanzu ina jin ƙarar da ya yi a fuskarsa. Ya kife, jini ya malale a kan katakon filin wasa. Ƙashin kuncinsa ya karye, likitoci ba su da tabbas idonsa na hagu zai sake gani. Shekarunsa ashirin.

Flas ɗin na Dwight ne, da sunansa a gindi. Shi 'yan sanda suka kama. Da aka ba da belinsa, ɗalibai suka ragargaza masa mota, suka fasa masa baki a ƙofar coci. Na je gaishe shi, ya dube ni da kumburarren leɓe ya ce, "Tsohon banza, ba zan faɗi sunanka ba. So nake in ji ka faɗa da bakinka."

Ina tsoron kurkuku, ina tsoron jikokina su ji. Yaya zan yi?

Mai Kujera Ta Goma Sha Huɗu

Bawan Allah, na ji tsoronka, kuma ba zan raina shi ba. Na yarda ba ka fito gida da niyyar nakasa kowa ba, kuma ɗauri a shekarunka ba wasa ba ne. Amma dubi ɗaya ɓangaren. Terrell ƙwallo ya zubar, kai kuwa ƙashi ka karya. Dwight kuma dukan da yake sha naka ne, kuma kowace safiya da ka yi shiru ƙara masa kake yi.

Gobe ka nemi lauya, ku tafi ofishin 'yan sanda tare. Kafin nan ka tara 'ya'yanka ka gaya musu da kanka, kada su tsinta a jarida. Ka rubuta wa Terrell da mahaifiyarsa ta hannun lauyan, ban da kawo uzuri, kuma kada ka sa ran amsa. Ka nemi mai ba da shawara kan fushi. Zauren nan kuma ka haƙura da shi.

Jikokinka za su ji kunya, gaskiya ne. Kunyar za ta fi muni in suka gano ka bar amininka ya tafi kurkuku a madadinka. Allah ya ba Terrell lafiya, ya ba ka ƙarfin zuciyar zuwa gobe.

Odessa