Kambin Kanumfari

Utaibiyya, Makka

Zuwa ga Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da Gwaggo da su Baffa. Ya karatu, ya shirin biki? Mu nan alhamdu lillahi, Baba ya dawo daga dako a Mina, bayansa ya yi sauƙi.

Na karanta takardarki sau uku, musamman inda kika ce a darasin Latin an koya muku kalmar korona, wai kambin furanni da ake ɗora wa mutum a ka, kuma a nahawunsu kalmar mace ce. Na ce a raina, ashe ta amarya ce.

Tun da ba mu da takardun fita, ba zan ga bikinki ba. Shi ne na sayi ful, farin furen nan mai ƙamshi da amaren Makka ke sawa, na shirya miki kambi. Inna ta gani ta yi ta dariya: "Littattafan soyayyar nan sun gama da ke! Kafin jirgin ruwa ya kai Sudan ya zama busasshiyar rama." Na shige ɗaki na sha kukana.

Da la'asar sai ga ta da jiƙaƙƙen kanumfari. Ta ce allura na shigarsa, kuma yana shekara da ƙamshinsa. Tare muka shirya wani kambin da shi. Yana hannun Hajiya Ladi maƙwabciyarku da ta zo aikin hajji, za ta kawo miki. Ki sa shi ranar, don Allah. Ɓangaren da ya karkace nawa ne, mai kyan na Inna ne, ko da yake ta hana ni faɗa.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Angon kuwa, kunyarsa nake ji.

Ƙanwarki,
Safiya