Baba Ya Koma Aiki a Masaƙar da Aka Rufe

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwar ƙanwa ga wanta, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya raya mana yaran nan, Ya sa nisan da ke tsakaninmu ya zama alheri. Mu ma nan muna lafiya, sai godiyar Allah.

Inna tana nan tana fama da gwiwarta, yau ta tashi garau, gobe sai da sanda, amma bakin nan nata bai taɓa ciwo ba, daga kan tabarma take raba wa kowa aiki. Maganin shafawar da ka aiko ta ce yana da kyau ƙwarai, shi ya sa ta ɓoye shi a ƙasan akwati wai kada ya ƙare. Goggo ta zo ta yi mana kwanaki, ta sauya wa kowane kwano mazauni a kicin, ta tafi ta bar mu muna neman ludayi. An kuma gyara yoyon tsohon ɗakinka, saboda haka ba ka da sauran hujjar ƙin zuwa da damina.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wadda kake kira malalaciyar rubutu, alhali ga waya. Maganar Baba ce, kuma ba ta waya ba ce. Duk lokacin da ka kira yana zaune kusa da ni, kunnen ya yi nauyi amma bakina yake kallo, ka kuwa san ba a ɓoye wa Baba magana matuƙar yana ganin leɓen mutum. Ka ce in kulle ƙofar gida in hana shi zuwa tsohuwar masaƙar nan, na ce maka to. Yanzu ƙofar a buɗe take, kuma ina so ka ji yadda aka yi kafin ranka ya ɓaci.

Kai ka fi ni sanin yadda Baba ya ɗauki aikinsa. Tun kafin a haife mu yake zagaya zauren saƙa da butar mai, yana ɗiga wa injuna, yana kasa kunne ko akwai wanda kukansa ya canza. Mutane suna fita aiki da ɗaurarriyar fuska, shi kuwa fita yake kamar wanda aka gayyata cin abinci. Ranar hutu ya rasa inda zai sa kansa, sai ya bi ƙyauren ɗakuna da keken ɗinkin Inna yana zuba musu mai har Inna ta kore shi. Da aka rufe masaƙar aka sallami mutane, masu sayen tsohon ƙarfe suka kwashe injunan, ka ga yadda ya koma. Shekaru ya yi a kan kujerar nan ta bakin ƙofa, ba shi da ciwo kuma ba shi da lafiya.

Abin da ban gaya maka dalla-dalla ba shi ne yadda fitar ta soma. Wata safiya ya ce Inna ta fito masa da shuɗiyar rigar aikinsa. Muka ɗauka marmari ne irin na tsofaffi, har na tsokane shi na ce a ajiye min nawa idan an yi albashi. Ya saka rigar, ya cika butarsa, ya fita. Sai la'asar ya dawo, yana 'yar waƙarsa ƙasa-ƙasa, ya cinye abinci tas har ya nemi ƙari. Inna ta tambaye shi daga ina, ya ce daga aiki mana, ai an sake kiransu. Da na karɓi hularsa zan rataye, sai na ga farar ƙurar auduga a kanta, irin wadda muke kakkaɓe masa muna yara. Rabon da a shiga da auduga ginin nan tun ina makaranta. Na ce wa kaina saƙar gizo-gizo ce, na rataye hular.

Da ka ce a kulle, na kulle. Da ma faɗa ya yi, da ya fi min sauƙi. Kullum da safe zai shirya tsaf, ya tsaya a bayan ƙofa da buta a hannu, har rana ta take. Ba ya roƙo, ba ya ɗaga murya. Iyakarsa ya ce min ana jiransa, kuma injin da ke ƙarshen layi yana cin ƙarfensa don rashin mai. Abinci ya daina shiga, magana ta ɗauke, kafin mako ya zagayo rigar ta yi masa yawa. Inna ce da kanta ta zare makullin daga jakata ta buɗe masa. Ta ce ita ba za ta zauna tana kallon mijinta yana narkewa kamar sabulu a ruwa ba, wanda yake son kullewa ya zo ya kulle da hannunsa. Ni kuma na nemi izini a wurin aiki, na bi bayansa.

Da hantsi ne, rana tarwai, motoci na wucewa a titi, babu wani abin tsoro. Maigadin wurin, wani ramammen dattijo, ya ɗaga wa Baba hannu ya yi masa barka da aiki. Na tsaya na tambaye shi me ya sa yake barin tsoho yana shiga kango. Ya ce shi gadin kaya aka ɗauke shi, kaya kuwa babu sauran ko ɗaya, to me zai hana mutum. Ya ce amma shi kansa ba ya wuce bakin zauren saƙa. Da na nemi dalili sai ya kau da kai, ya ce rediyonsa ba ya kamawa a can.

Yaya, zauren nan yana nan da girmansa, amma wayam. Rufin ya huhhuje, hasken rana yana saukowa layi-layi a kan kashin tattabaru. Babu abin da ya rage sai ramukan kusoshi a siminti, inda injuna suka taɓa zama. Na laɓe a jikin wani ginshiƙi ina kallon Baba. Ba ya ratsa fili kai tsaye kamar yadda ni ko kai za mu yi. Layi yake bi, yana karkata kafaɗa yana raɓawa inda babu abin raɓawa, ya ɗage ƙafa ya tsallake abin da ba na gani, ya sunkuya, ya karkata buta. Da idona na ga mai yana fita daga bakin butar. Da ya wuce gaba na je na duba simintin wurin, na shafa da yatsa, a bushe yake ƙamas.

Na kira shi, muryata ta yi amsa-kuwwa har tattabaru suka tashi, amma bai juyo ba sai da na dafa shi. Bai yi mamakin ganina ba. Fuska ya ɓata, ya nuna kunnena, ya ciro auduga daga aljihu ya mulmula ya tura min, kamar yadda ake yi wa duk baƙon da ya shiga zauren don kada ƙara ta kashe masa kunne. Audugar na shiga na ji injunan. Na san duk wanda ya toshe kunne zai ji wani gunji a kansa, na kuma gaya wa kaina haka ya fi a ƙirga. Amma wannan bugu ne, kaf-kaf-kaf, masu yawan gaske, suna tafiya tare, har a tafin ƙafata ina jin su. Na zare audugar, shiru, sai fuka-fukan tattabaru. Na mayar, suka dawo daidai inda suka tsaya.

Ka tuna ma'aikatan zauren da leɓe suke magana saboda ƙara, ba da murya ba, har Baba ya koya wa Inna suna gulmarmu a gabanmu, kafin mu ma mu ƙware mu kama su. To, ina tsaye sai Baba ya ɗaga hannu wa wani can gefe, inda babu kowa. Na karanta bakinsa sarai. Ya ce 'yarsa ce, autar. Ya dakata yana kallon wurin kamar mai jiran a gama magana, ya yi dariya har da dafa ƙirji. Sannan ya girgiza kai ya ce a'a, tana da aiki, sai dai ba ta son sa, kullum sai ta yi kuka a banɗaki kafin ta fita.

Wannan maganar ban taɓa gaya wa kowa ita ba, har Inna. Ku duka kun san ina zaune a teburin karɓar baƙi a ofis mai sanyi, kuna ce min 'yar gata. Gaskiyar ita ce tun safe nake murmushi wa mutanen da ba sa ko kallon fuskata, ina maimaita gaisuwa guda a waya har bakina ya gaji, idan na tashi kuma ba zan iya nuna maka abu ɗaya in ce ni na yi shi ba. Ranar da ban je ba, wata suka zaunar a kujerar, babu wanda ya lura. Ba ƙorafi nake yi ba, aiki rufin asiri ne. Na faɗa ne don ka gane abin da ya fi ba ni tsoro a zauren nan, wanda ba ƙarar ba ce. Ina tsaye a tsakiyar bugun sai na ji hankalina ya kwanta irin kwanciyar da na manta da ita, kamar akwai wani gurbi daidai tsayina da aka daɗe ana ajiye min. Ban so fita ba, Yaya. Baba ne ya kama hannuna ya kai ni bakin ƙofa, ya ce ba a tsayawa a hanyar masu aiki.

A hanyarmu ta komawa gida ya ce Dogo, shugaban layinsu, ya yaba da natsuwata, ya ce idan ina so ana neman hannu. Da na gaya wa Inna sai ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta, ta tuna min cewa ni na raka ta ta'aziyyar Dogo, shekarar da aka rufe masaƙar. Amma ba zan ɓoye maka ba, na sake komawa. Lokacin cin abincin rana wasu ranaku nakan hau mota in je in tsaya a bakin zauren da auduga a kunne, in koma ofis da sauƙin zuciya. Maigadin ya daina gaishe ni da 'yar Baba, barka da aiki yake min.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. An sayar da filin, za a rushe ginin kafin ƙarshen watan nan. Motocin rusau har sun iso, suna fake a bakin katanga. Na zaunar da Baba na gaya masa a hankali, ina tsoron kada abin ya kayar da shi. Ko gezau bai yi ba. Ya ce ai an riga an sanar da su. Ya ce wancan karon a waje aka same su shi ya sa aka iya sallamarsu, amma duk wanda ranar ta same shi a bakin aikinsa, babu mai sake sallamarsa har abada. Yana faɗa yana murmushi kamar wanda aka ƙara wa girma. Ya sa Inna ta wanke rigar ta goge, ya sayo sabon mai ya ajiye a ƙarƙashin gado.

Na je wurin masu rusau na roƙe su, sun ce za su duba ciki kafin su soma. Amma Baba ya san kowane lungu da kowane rami na ginin nan, su kuwa baƙi ne. Idan na kulle shi, na ga abin da kullewa ke yi masa, a gaban idona zai ƙare. Idan na bar shi, ka ji inda ya nufa. Kwana nake ina juya abin, ban ga hanya ta uku ba. Don Allah ka nemi hutu ka zo, kada ka turo saƙo, kada ka turo wani. Ni kaɗai ba zan iya riƙe shi ba. Kuma tunda na soma faɗar gaskiya bari in ƙarasa: duk sanda na ga fuskarsa yana fita da safe, ban tabbata ina da zuciyar riƙe shi ba, ban ma tabbata cewa ni kaina ba zan bi shi ba.

Ka gaishe min da Anti uwargidanka, ka ce ina nan ina jiran hotunan da ta yi min alkawari. Ka shafa min kan Mai Sunan Baba da 'Yar Lele da Sarkin Rigima, Allah Ya yi musu albarka. Inna tana sa maka albarka, ta ce ka rage shan ruwan sanyi. Goggo da Kawu da yaransu duk suna gaisuwa. Baba ma yana gaishe ka da kyau. Ya ga ina rubutu, ya ce lallai in tambaye ka ko kana jin daɗin aikinka a can, yana son ya sani kafin ƙarshen wata. Yaya, idan ka kira, ko mene ne gaskiyar, don girman Allah ka ce masa kana jin daɗi.

Taka har kullum,
Auta