Kunnen Yaya

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma na tsaya ina kallon Yaya yana haɗa ƙofa kamar ban taɓa gani ba. Tun da na bar makaranta nake shagon nan tare da shi, na yi aure, na haifi biyu, amma har gobe in ya cire murfin ƙofar mota sai na ajiye abin da ke hannuna. Ba ya taɓa sifika sai ya ƙwanƙwasa ƙarfen da ɗan yatsa tukuna. In ya ji tana amsawa kamar gwangwani, sai ya liƙe cikinta da takardar kwalta. A wurinsa ƙofa ce mai gida, sifika baƙuwa ce.

Wata Sista daga asibiti ta kawo 'yar motarta. Tana so ta riƙa jin labarai da waƙa a hanyar aiki. Ta zo da niyyar sayen sifika mai haɗe, wadda ƙaramar ke zaune a tsakiyar babbar. Yaya ya ce, "Sista, a idon sawu kunnenki yake?" Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ya nuna mata mai rabe: babbar a ƙasan ƙofa, tuwita mai fitar da siririn sauti a sama kusa da madubi, sai kurosoba a tsakaninsu, ɗan akwatin da ke raba wa kowacce nata sautin.

Ta ce dama an gaya mata in ta zo ta nemi Mai-kunne. Sunan da duk layin nan ke kiransa ke nan. Ni kuwa Auta, ko da furfura ta fara leƙo min.

Laraba, 5 ga Maris

Wani abu ya tsaya min a rai.

Tuwitar ƙarfe ya zaɓa wa Sista. Yayan da ya raine ni a kan cewa ta ƙarfe ta 'yan gayu ce masu son a jiyo su daga titi, ta siliki kuwa ta mai son zama da murya. Bai tsaya nan ba. A cikin kurosoba akwai ɗan fil mai ramuka uku: ragi, tsaka, ƙari. Kullum a tsaka ko ragi yake bari, don gilashi na ƙara wa tuwita kaifi. Yau a ƙari ya soka shi.

Ya shiga kujerar direba, wadda ba mai zama a kai in ana saiti sai shi, ya rufe ƙofa, ya sa tsohuwar waƙar gwajinmu, mace ɗaya da jita ɗaya. Ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Ni da ke waje sai da haƙorana suka yi tsami.

Amma kaurin sautin fa, Allah ya ba shi. Ya fito ya ɗora tafin hannu a ƙofa, yana murza amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti a hankali har ya yanke rugugin da babbar sifika ba za ta iya ɗauka ba. Ƙofar ta daina rawa cak. Ni da na'urar awo nake nemo wurin nan, shi da fatar hannu.

Asabar, 8 ga Maris

Sista ta dawo. Cikin ladabi ta yi maganar, wannan ne ma ya fi ciwo. Ta ce muryar mai karanta labarai tana sukar ta a kunne kamar allura, kafin ta kai aiki kanta ya ɗau ciwo, jaririnta kuma da ta kunna sai kuka. Yaya ya zauna ya saurara, ya fito ya ce, "Lafiya lau nake ji. Sabbi ne, za su zauna."

Ta dube ni. Na sunkuya ina neman abin da ban yar ba.

Za ta kawo motar Talata ta bar mana. In bai gyaru ba, in ji ta, sai ta gwada wani shagon, kuma abin kunyar shi ne ta riga ta cika abokan aikinta da labarin Mai-kunne. Shagon nan ba shi da allo mai wuta, ba shi da kujerun zama. Sunan nan shi ne duk abin da Yaya ya tara.

Lahadi, 9 ga Maris

Butar shayi a kan wuta ta yi ta busa fito a gidan Yaya, yana zaune dab da ita, ko gezau. Matarsa ta sauke, ta dube ni, ta kawar da kai.

Talata, 11 ga Maris

Na yi. Yaya ya fita sayo wayar sifika, na cire murfin ƙofofin biyu, na buɗe kurosoba, na mayar da fil ragi. Ina ta waige-waige kamar mai satar kaza. Na zauna a kujerarsa, karon farko a rayuwata da niyyar saiti. Na sa waƙar.

Muryar matar ta taso ta zauna a kan dashbod, daidai tsakiya, kamar in miƙa hannu in taɓa ta. Har numfashin da take ja kafin baiti na ji. Duk aikinsa ne: inda ya dasa tuwita, yadda ya karkata ta ta kalli direba, yadda ya liƙe ƙofar. Ni fil kawai na matsar.

Sista ta zo ta saurara, ta ce, "Kai, Baba Mai-kunne, me ka yi mata?" Ya ce, "Ai na gaya miki za su zauna." Ya yi murmushin nan nasa.

Alhamis, 13 ga Maris

Na sake yi a motar wani tela. Ƙari ya sa, ragi na mayar.

Sai ga wata mota da sauti ba nama, holoƙo. Na duba amfilifaya, na duba rediyo, na haɗa gumi. Yaya ya zo da kofin shayinsa, ya ɗora hannu a ƙofar dama, ya zagaya ya ɗora a ta hagu. "Auta, wannan na turawa, waccan na ja. An juya jar waya da baƙa." Na buɗe, haka ne. Wa zai ce wa mutum irin wannan kunnensa ya fara tafiya? Da wane baki?

Litinin, 17 ga Maris

Asirina ya tonu, kuma sukuru ne ya tona shi.

Gilashin motar Sista ya fara ƙara, ta kawo. Yaya da kansa ya cire murfin ƙofar. Na manta shaf: shi in ya ɗaure sukuru, sai ya bar tsagar kowanne a tsaye, duk suna kallon sama, ko a wurin da ido ba zai taɓa kaiwa ba. Nawa a murfin kurosoba kowanne da inda ya dosa.

Ya daɗe yana kallo. Ya kwance, ya ga fil a ragi. Bai taɓa shi ba. Ya mayar da murfin, ya ɗaure, ya daidaita tsagogin ɗaya bayan ɗaya. Ya koma kan aikinsa har muka rufe shago. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Talata, 18 ga Maris

Bai zo ba. Matarsa ta ce wai kansa ke ciwo. Na share shago sau ba adadi.

Alhamis, 20 ga Maris

Ya zo da sassafe, ya riga ni. Akwai motar wani malamin makaranta da ke jira. Na ga ya ɗauko tuwitar siliki daga kan kantar shago, na yi kamar ban gani ba. Muka haɗa ƙofofin, ina miƙa masa dalma da waya.

Da aka zo saiti sai ya buɗe ƙofar direba ya tsaya riƙe da ita. Ina jira ya shiga.

"Shiga mana."

Na ce, "Haba Yaya."

"Shiga, Auta. Ni in riƙe ƙasa, kai ka riƙe sama."

Na shiga. Ya leƙo ta taga ya ce akwai wurin da yatsan mai jitar ke goga tsirkiya kafin amshi na biyu, in gaya masa ko yana nan. Na ce yana nan. Ya ce shi ya daɗe bai ji shi ba. "Da ka nake jin waƙar nan yanzu. Na san inda yake, sai in riƙa ƙara wa tuwita ko zai fito." Idona ya cika, na shiga gyara madubin da ba abin da ya same shi.

Ya ɗora tafinsa a ƙofa, ya murza nasa. Ni na gwada tsaka, na gwada ragi, na ce tsaka. Bai tambaye ni dalili ba, ya soka fil a tsaka.

Yana ɗaure murfin ya ce, "Kuma in za ka yi wa mutum gyara a ɓoye, ka fara koyon ɗaurin sukuru." Na yi dariya har majina ta kufce min.

Asabar, 22 ga Maris

Sista ta turo abokan aikinta biyu. Ta kuma yi masa hanyar ganin likitan kunne. Ya ce zai je, in ya ga dama. Matarsa ta ce zai ga damar.

Laraba, 2 ga Afrilu

Aiki ya yi yawa, bayana kamar zai tsinke. Yau na kama kaina ina daidaita tsagar sukuru a cikin ƙofar da ba mai buɗe ta nan kusa.

Da rana wani mutum ya tsaya a bakin shago ya ce, "Salamu alaikum, Mai-kunne yana nan?" Kafin in yi tunani na ce, "Na'am." A hankali na faɗa. Yaya yana ƙarƙashin dashbod, ƙafafunsa kawai ake gani, na ce a raina Allah ya sa bai ji ba.

Sai ga muryarsa daga ƙasa: "Ka amsa da ƙarfi mana, mutum na tsaye a rana."

Ba wani abu ba ne. Ni na fi kusa da ƙofa, shi ke nan.