Hasken da Idon Baba Zai Iya Ɗauka

Litinin, 7 ga Oktoba
Mun dawo Gwaram daga asibitin Birnin Kudu. Aikin idon Baba ya yi kyau, alhamdulillahi. Amma da ya buɗe kwamfutata zai ci gaba da tarihin Dingaya, garin kakanninsa, da yake rubutawa, sai hawaye shar. Hasken ya yi masa yawa. Maɓallan rage haske kuwa sun daina aiki tun da na sauya wa kwamfutar tsarin aiki zuwa Linux. Laifina ne, ni sarkin iyawa.

Laraba, 9 ga Oktoba
Ya ce a bar littafin kawai. Shekara uku yana kansa! Ni da nake gudun labarin rijiyoyin kakanninsa, sai ga shi na ji ba daɗi.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Na gano. Kanal, wato zuciyar tsarin kwamfutar, tana ajiye adadin haske a wani ɗan fayil. Na rubuta ƙaramar manhaja da za ta sa lamba a ciki. Gobe sai gwaji.

Juma'a, 11 ga Oktoba
Kaico. Na zaunar da shi a ɗaki, labule a sake, na sa talatin, a zatona kashi talatin cikin ɗari ne. Allon ya yi baƙi ƙirin. Baba ya dafe hannuna. "Khuzaima, rubutun ya ɓace. Idon ne ya tafi?" Na yaye labule da sauri, ina rantse masa cewa ni ce na yi ɓarna.
Ashe akwai wani fayil a gefe mai faɗin iyakar hasken, dubu goma sha tara da ɗari biyu. Talatin a cikin wannan kamar babu ce. Ban karanta shi ba na rubuta lambata. Na yi kuka a bayan rumbu.

Asabar, 12 ga Oktoba
Yanzu manhajar sai ta karanta iyakar tukuna, kuma ba ta sauka ƙasa da kashi goma. Muka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. A sha takwas ya ce, "Tsaya nan, uwata." Ya karanta shafi guda, ba hawaye.

Juma'a, 18 ga Oktoba
Ya kai babi na tara. Na ce zan zauna kusa da shi ne don lura da haske kawai. Hasken bai motsa ba tun Asabar.
Na tambaye shi wa ya haƙa rijiya ta biyu.